Binnen da Ya Tsayar da Katafila

Ɗazu da aka wuce da katafilar nan a bayan babbar mota, na ji abin da kuka ce. Wai aikin ɗan gata ne: ka hau ka zauna, ka ja sanda, ƙasa ta yi ta gudu a gabanka. Ban tanka ba don bakina yana cikin ludayi. Yanzu na ajiye shi. Ku gyara zama, ku ci gaba da shan furarku, in nuna muku kallon kitse kuke yi wa rogo.

In kun je Malbaza ko Dogarawa kuka ce kuna neman Lawali, za a nuna muku mutane da yawa. Ku ce Lawali Katafila, tsofaffin wurin za su gane. Ni ɗan Bazaga ne, ɗan manomi jikan manomi. Ƴan shekaru bayan Turawa sun sauka daga mulki aka fara gina gidan siminti a Malbaza, aikin hanya ya buɗe ta ko'ina, na fita cin rani da niyyar in sami kuɗin riga in koma kafin ruwa. A shantiye, wato wurin aikin, na fara ganin katafila, tana tura tudu kamar mace na share tsakar gida. Wanda ke kanta wani gajeren mutum ne daga Illela, Maigida Garba, mai ƙarancin magana. Na tsaya ina kallo har aka tashi. Washegari na koma, jibi ma haka. Daga ƙarshe ya kira ni, ya duba tafin hannuna ya ga kanta, ya miƙo mini famfon giris. Rigar nan sai bayan damina biyu na saye ta.

Aikin aparanti, wato yaro mai koyon tuƙi, a ƙarƙashin katafila yake. Kowace safiya za ka kwanta rigingine ka bi ƙafafun da sarƙa ke gudu a kansu ɗaya bayan ɗaya kana ba su giris, har sai tsohon ya fito baƙi ƙirin sabon ya biyo shi. Ka ƙwaƙule ƙasar da ta maƙale a sarƙa da guntun ƙarfe. Ka wanke matatar iska. Gazuwal kuwa, wato man da take sha, a duro yake zuwa, da ruwa da yashi a gindinsa, sai an tace shi da tsumma mai kauri. In ka yi ƙyuya ka zuba shi haka nan, a tsakiyar aiki za ta tona maka asiri. Sannan ka ɗaga kujera ka duba, don kunama tana son ɗumin wurin ƙwarai.

Katafilar zamaninmu ba ta da makulli. Wani ƙaramin inji ne a gefenta mai shan fetur, shi ake fara tayarwa da igiya, ya yi ta kuka har ya ɗumama uwar, sannan a haɗa su. In ka yi gaggawa ƙaramin ya mutu, uwar ta yi tari biyu ta yi shiru, ka koma farko, Maigida yana tsaye yana kallonka. Na fi son zagi da wannan kallon. Ba ta da sitiyari kuma. Sanduna biyu ne da birki biyu, ka ja ta dama ka taka na dama ta juya dama. Ƙarfen gabanta da muke kira wuƙa, igiyar ƙarfe ce ke ɗaga shi, sandarta tana can gefe, hannunka ɗaya kullum yana kanta. Daga kujera ba ka ganin bakin wuƙa. A jikinka kake jin ta shiga da yawa ko ta yi sama, shi ya sa muke cewa da mazaunai ake tuƙa katafila. Wanda bai iya ba zai bar maka fili mai tudu da kwari kamar kunyar dankali, ya sauko yana murmushi.

Ranar da Maigida ya fara barina in sauke wuƙa, filin kasuwa ne za mu share a wani ƙauye gefen Dogarawa. Na hau ina jin kaina kamar sabon ango. Hannuna ya kai kan sanda ke nan sai na ji tsakuwa ta bugi murfin inji. Maigida ne ya jefo. Ya yafuto ni, na sauko, ya ce in cire takalmi in zagaya filin daga wannan kai zuwa wancan. Na tafi ina gunguni a ciki. Can wajen tsakiya ƙafata ta ji ƙasa ta yi wani irin taushi, na buga diddige na ji tana amsawa kamar ganga. Tsohuwar rijiya ce aka rufe da itace, yashi ya bi ta kai, har mutanen garin sun manta da ita. Da na hau ta, da ni da katafila sai dai a zo kallo. Maigida ya tako ya tsaya kusa da ni ya ce:

“Lawali, wagga aba ba ta da ido, ba ta da kumya, kuma abin da tak kwashe ba shi komawa. Idonta ƙahwarka ta. Kahin ka sabke wuƙa, sabko ka taka ƙasa.”

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini, kuma da ita na ci abinci har na tsufa.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. Akwai ƴan kwangila, su kullum a gaggauce suke. Akwai masu gari da ke tare ka a hanya su ce tunda ka zo ai ka ɗan taɓa musu tafki, ladanka kaza da addu'a. Fulani kuwa ba su cika roƙo ba. Sai ka ga ƙwaryar nono a inuwar katafila kwana da kwanaki, sannan wani dattijo ya zo ya yi maka zancen mashayar shanu da ta cike. Na yi wa kowa gwargwadon abin da gazuwal ya bari. Da ƙarfin Maigida Garba ya ragu ya koma Illela, sai katafilar ta koma hannun wani ɗan kwangila a Konni, Alhaji Isuhu, ni kuma na bi ta kamar yadda jaki ke bin kaya. Iyayen Alhaji daga ƙetaren iyaka suka zo da fatauci, shi ya tashi cikin motoci. Mutum ne mai faɗa, amma faɗansa ba ya kwana.

Sai shekarar fari ta zo. Ba sai na ba ku labarinta duka ba, kakanninku mata sun fi ni iya faɗinsa. A wajenmu, aikin gini ya tsaya cak, abin da ya rage shi ne fitar da motocin hatsin taimako in sun kafe a yashi. Na ga shanu a kwance bakin hanya, na haƙa musu rami da wuƙar nan na tura su ciki. Albashi yana zuwa wata ɗaya, ya ɓuya wata biyu. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne ranar da na je Bazaga na tarar rumbun babana a buɗe, an share shi har ƙasa. Sun ci iri. Geron da kakanmu ya bar mana, gajere mai saurin nuna, wanda ya san ƙasarmu, an daka shi an sha kunu, don ba a kallon yara suna kuka a ce ana ajiyar baɗi. Da damina ta dawo babana ya shuka irin da ya samu a kasuwa. Ya yi kara har ya fi mutum tsawo, kai kuwa kamar yatsa. Tsoho ya tsaya a gonar yana kallo, ya ce wannan baƙo ne, bai san mu ba.

A ranin da ya biyo baya ne aka ba Alhaji aikin da nake son ku ji. Akwai ɗan filin saukar jirgi na jar ƙasa a bayan gari. Da can sai a yi wata ba a ga jirgi ba, awaki ne ke kiwo a kai. Lokacin taimakon nan sai ya farfaɗo, ƙananan jirage suna sauke manya da likitoci, motoci suna zuwa tarye, manyan motocin hatsi ma suna kwana a wurin ba tsari. Sai mutanen buro, wato ofishin hukuma, suka ce a yi wa motoci filin tsayawa a bakin ƙofar filin jirgin. Aka zo aka auna, aka kafa turaku masu jan fenti. Wurin da turakun suka kewaye gona ce, ta wani ɗan ƙauye da ke daf da filin jirgin.

Ba kowace irin gona ba ce. Ɗan kwari ne mai itatuwan gawo, ruwan da ya gangaro daga filin jirgi a nan yake kwanciya. A shekarar farin, duk yankin a nan kaɗai aka yanki hatsi, kaɗan ne amma shi ya bar musu iri. Gidajen ƙauyen kusan kowa yana da yanki a ciki, gamba ce ke raba iyaka. Babbansu wani tsoho ne dogo, Baba Nomau. Sun je buro sun yi magana, aka ce za a biya su, kuma a ba su wani wuri a jigawa. Suka ce ba sa so. Suka sake komawa da liman, aka ba su kujera aka saurare su, aka sallame su da haƙuri. Turakun suka ɓace, aka kafa sababbi, suka sake ɓacewa, aka ce za a turo jandarma, sai suka daina ɓacewa. Daga nan ƙauyen ya yi shiru. Alhaji ya ce sun haƙura, in kai katafila.

Na isa da hantsi, farkon bazara, rana ta fara cizo, babu ko alamar hadari a gabas. Na tsayar da ita a bakin gamba. Mutanen ƙauyen suna zaune a inuwar gawo, maza gefe mata gefe, ba sanda ba gatari, ba wanda ya ɗaga murya. Na yi musu sallama suka amsa da kyau. Shirun nan bai kwanta mini ba. Na cire takalmi na shiga gona, kamar yadda nake yi a kowane aiki.

Ban yi nisa ba ƙafata ta faɗa wani ɗan lotsi. Taku ɗaya gaba, ga wani. Na tsaya na dubi ƙasa da kyau, sai na ga sawun diddige a jere, layi bayan layi, daga gamba har gindin turakun can ƙarshe. Duk ɗan manomi ya san wannan sawun. Namiji ya sara da sungumi, mace ta bi ta jefa iri ta rufe da diddige. Na durƙusa na tona ɗaya da yatsa. Ga ƙwayoyin gero a kwance cikin busasshiyar ƙasa.

Ku da kuka tashi a gari, wannan shi ake kira binne: a shuka kafin ruwa, iri ya kwanta yana jira, ruwan farko na sauka ya tashi. Amma ana yin sa ne in an ga hadari ya fara yawo. Wanda ya yi binne tun farkon bazara ya ba tururuwa da kurege da zabbi abinci. Kuma in aka yi yayyafin da ya jiƙa iri bai jiƙa ƙasa ba, ya tsira ya ƙone, shi ke nan. Ba manomi mai hankali da zai yi binne a lokacin nan.

Baba Nomau ya taso a hankali ya tsaya a kaina. Na ce, “Baba, mi kunka yi haka? Ruwa da saura.”

Ya ce, “Mun sani, ɗana. Mun yi magana ga buro, ba ta yi ba. Ba mu da ƙarhin hwaɗa da hukuma, ba mu kuwa so. Shi na munka yi gayya munka binne.”

Na tambaye shi ko sun rage wani abu a rumbu. Ya girgiza kai.

“Dut irin garinga na nan ƙarƙashin ƙahwarka. In za ka kwashe, kwashe, ba mai taɓa ka. Amma ka san abin da kaka kwashewa.”

Ya koma inuwa ya zauna. Ni kuwa na rasa abin yi. Ga aikina, wanda da shi nake aika wa gidanmu ɗan abin da ke riƙe su, ga kuma iri a ƙasa. Na tuna rumbun babana. Tun muna yara, in ka taka shuka da gangan sai an zane ka, ko akuya ta shiga sai an kai maganar gaban mai gari. Ban taɓa jin wanda ya sa ƙarfe ya kankare iri daga ƙasa ba, kuma ban so a fara ji daga kaina ba. Na mayar da ƙwayoyin na rufe. Na je na kashe inji.

Da azahar Alhaji ya iso, tun daga mota yake faɗa. Ya ce wa ya ce in tsaya, gazuwal ɗin ubana ne, ko an gaya mini direba ya ƙare a duniya. Na bar shi ya sauke. Sannan na ce ya taimaka ya tako ya gani da idonsa. Ya shigo da babbar rigarsa yana huci. Na nuna masa sawun. Ya bi layin da ido. Ya tattare riga ya tsuguna, ya tona rami ɗaya da kansa, ya zuba ƙwayoyin a tafin hannu yana juya su da yatsa. Ya daɗe a haka. Sai ya mayar da su, ya miƙe, ya zare takalmi ya rufe ramin da diddige, daidai yadda ake yi. A ranar na san shi ma an taɓa tura shi gona.

Ya ce da ni shi takarda ya sa wa hannu, ba zai iya fasa aiki ba, kuma bai da ikon matsar da turke ko ɗaya. Amma aikin kashi uku ne: a buɗe ramin marmara inda za a ɗebo abin cikawa, a gyara hanyar da tifa za ta bi, sannan a kankare gona a cike ta. Ba wanda ya rubuta da wanne za a fara. Ya juya wajen tsohon ya ɗaga murya kaɗan:

“Baba, za mu hwara da marmara da hanya. Ranar da munka gama, in hatsinku ya tsira, ni da kaina ni ka komawa buro. In bai tsira ba, wuƙa za ta shiga, kada ku ga laihina.”

Baba Nomau ya ce, “Mun ji, Alhaji. Sauran na Allah na.”

Marmarar tana wani fako ne a ƙetaren hanya, ɗan nesa da ƙofar filin jirgi, wurin da ko ƙaya ba ta fitowa. Kafin a buɗe rami dole a share inda tifa za ta juya da inda katafila za ta kwana. Na share, na daidaita, na bi da sarƙa na danne. Zan gaya muku gaskiya, tunda nake ban taɓa yin aiki mai kyau a natse irin wannan ba. Filin juyawar nan ya fi abin da tifa ke bukata faɗi nesa ba kusa ba. Giris kuwa katafilar nan ta sha shi safe da yamma kamar amarya da lalle. Alhaji yakan zo ya tsaya ya dube ni, ya ce, “Lawali, ashe haka kake da tsabta?” Sai ya shiga mota ya tafi.

Su ma mutanen ƙauyen ba su zauna ba. Kullum akwai masu gadin gona, suna korar zabbi da tsuntsaye, suna toshe ramin kurege. Matansu kuma suka fara kawo mini fura da ƙosai a fakon. Matar Baba Nomau, Inna Hajo, ta sa aka kafa mata ƴar rumfar zana a gefe, ta ɗora tukunyar dambu. To, ku da kuke son tuƙi ku riƙe wannan: direba ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya, yana tsayawa inda hayaƙin abinci yake. Mota ɗaya ta hatsin taimako ta ratse ta tsaya, direban ya ci ya ƙoshi, ya ga ƙasa mai tauri ba kafewa. Washegari ya zo da abokinsa. Kafin a jima motocin da ke kwana barkatai a bakin filin jirgi duk sun koma fakon, har da mai shayi da mai facin taya. Ba wanda ya ba su umarni, ba wanda ya hana su.

Amma sama ta ƙi. Ramin marmara ya buɗu, hanya ta kusa ƙarewa, komai jan ƙafata aiki yana da iyaka. Wata ranar da la'asar hadari ya taso, iska ta kaɗa, aka fara yayyafi. Ina kan katafila na hango mutanen ƙauyen tsaye a bakin gona, ba mai murna. A rayuwata ban taɓa ganin manomi yana roƙon ruwa ya tsaya ba sai ranar. Ya ɗan ɗiga ya wuce, ko ƙura bai kwantar ba. Baba Nomau ya tona ya ga iri a bushe yake, ya ce alhamdu lillahi. Ni kuma na ci gaba da aikin hanya.

Aikin hanya ya rage na yini biyu ko uku, Alhaji ya zo ya ce mini ya yi iyakar abin da zai iya, mutanen buro sun fara tambaya. Na ce na sani. Na fara tunanin abin da zan yi in ranar ta zo, ko in hau ko in miƙa masa famfon giris in koma Bazaga. Har yau ban san wanne zan zaɓa ba, kuma na gode wa Allah da bai bari an kai ga tambayata ba. Washegari da rana tsaka gabas ta yi baƙi ƙirin. Aka yi ruwa irin wanda ke cika kwari, na fake a ƙarƙashin katafila ina kallon ramin marmarata yana zama tafki. Bayan ruwa ba a aikin hanya sai ƙasa ta sha iska, wannan ko Alhaji ya sani. Kafin ta sha iskar, gonar ta yi kore. Ba duka ba, tururuwa da kurege sun ci rabonsu, akwai gurabe da yawa da sai an yi dashe. Amma layukan sun fito, siri-siri kamar allura, har gindin turakun nan masu jan fenti.

Alhaji ya cika alkawari. Ya ɗauko mutanen buro a motarsa ya kawo su. Ba a yi wata doguwar magana ba. Suka dubi gona, suka juya suka dubi fako cike da motoci, direbobi na cin dambu. Babbansu ya tambayi wa ya ce a yi tasha a can. Alhaji ya ce ba kowa, motocin ne suka zaɓa, kuma can ba sai an cike ba, aikin zai fi sauƙi. Suka koma suka yi shawararsu. Bayan ƴan kwanaki aka zo aka tuge turakun aka kai su fako. Motocin manya kuma aka yanka musu ɗan wuri daga gefen filin jirgin kansa, na share shi a yini guda. Na shimfiɗa marmara a fakon na danne ta da kyau. Shekaru da yawa bayan nan in na wuce nakan ratse in taka ta, ba ta lotsa ba.

Da kaka ina wani aiki a wajen Malbaza aka ce ana nemana. Na sauko na ga Baba Nomau a kan amalanken jaki, ya yi wannan doguwar tafiya da kansa. Ya sauke dami ɗaya a gaban wuƙa. Na duba na ga ba damin ci ba ne. Zangarniya ce zaɓaɓɓiya, gajeru masu cika, irin waɗanda ake warewa tun a gona a rataye a ƙoƙuwar rumbu. Ashe a hirarmu ta bakin rumfar Inna Hajo na taɓa ba shi labarin rumbun babana, ni har na manta. Na ce, “Baba, wanga ya yi yawa.”

Ya ce, “Ba naka na ba. Kai wa tsohonka. Ka ce mishi wanga ya san ƙasarmu.”

Na kai. Babana ya murje zangarniya ɗaya a hannu, ya hura, ya jefa ƴan ƙwayoyi a baki ya tauna. Ya tashi ya hau rumbu ya rataye damin da kansa, bai yarda kowa ya taimake shi ba. Da damina ya shuka, ya yi. A Bazaga har yau akwai masu kiran geron nan ɗan katafila, ba su san dalili ba.

Na yi shekaru ina wannan sana'a bayan haka, na yi hanyoyi, na haƙa tafkuna, na koyar da wasu, kuma ban yi nadamar rana ɗaya ba. Kunnena na hagu ya tafi da ƙarar inji, bayana ma yana tuna mini da ita in sanyi ya shigo, amma ta ciyar da ni ta aurar da ƴaƴana. In ɗayanku yana son ya koya, ƙofa a buɗe take, zan haɗa shi da wanda zai miƙa masa famfon giris. Katafilar yanzu an ce har sanyi take hurawa a ɗakin direba, da gilashi ta ko'ina. Madalla. Sai dai ina tsoron daɗin ɗakin ya hana mutum saukowa.

Kai Sani, miƙo ƙwaryar nan in gani. Kun shanye tas, ko ɗigo ba ku bar wa tsoho ba. Ba komai, ta yi muku daɗi ne. Geron da aka dama ta da shi daga gonarmu ta Bazaga ya zo, jikan jikan wanda na tona da yatsana a ranar nan na mayar na rufe.